Muhammadu Bello

Muhammadu Bello ɗan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo (1781 – 1837) malami ne, marubuci, jagoran yaƙi, kuma Sarkin Musulmi na biyu a daular Sakkwato, daga 1817 har zuwa rasuwarsa. Shi ya kafa birnin Sakkwato a 1809, shi ne kuma mawallafin Infaƙul Maisur, littafin da masana suke dogara da shi har yau wajen sanin tarihin jihadin 1804. Ban da mulki da yaƙi, an san shi da muhawarar da ya yi a rubuce da Shehu Muhammadul Amin Elkanemi na Barno, wanda ya zargi mayaƙan jihadi da wulaƙanta littattafai masu ɗauke da sunan Allah. Bello ya amsa zargin, ya kuma adana hujjojin abokin jayayyarsa a cikin littafinsa.

Asali da karatu

An haifi Bello a shekarar 1781 a cikin zuriyar Toronkawa, Fulani masu karatu da suka daɗe a ƙasar Gobir. Sunan mahaifiyarsa Hauwa'u. Ya tashi a Ɗegel, inda mahaifinsa yake da makaranta da jama'a masu yawa. Ya yi karatu a wurin mahaifinsa da kuma baffansa Abdullahi ɗan Fodiyo, ya ƙware a Larabci da fiƙihun Malikiyya da hadisi da tafsiri, daga baya ya zurfafa a ilmin magunguna. Nana Asma'u, shahararriyar malama, ƙanwarsa ce, mijinta Giɗaɗo ɗan Laima kuwa amininsa ne tun suna samari, shi ya zama Wazirinsa daga baya.

Takunkumin wa'azi a Gobir

Bello ya girma ne a lokacin da ake ja-in-ja tsakanin sarakunan Gobir da jama'ar Shehu a kan wanda yake da ikon yin magana a bainar jama'a. Wajen 1788, a taron idi a Magami, Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ya amince wa Shehu da buƙatu biyar: a bar shi ya kira mutane zuwa ga addini, kada a hana kowa amsa kiran, a girmama duk mai rawani, a saki waɗanda ke kurkuku, kuma a sassauta wa talakawa haraji.

Wannan sassauci bai ɗore ba. Sarki Nafata ya sa aka yi shela cewa ban da Shehu kansa ba wanda zai sake yin wa'azi, wanda bai gaji Musulunci daga iyayensa ba ya koma addininsa na da, maza su bar naɗa rawani, mata su bar lulluɓi. A zamanin ɗansa Yunfa, dakarun Gobir suka kai hari Gimbana, garin Malam Abdussalami, ɗaya daga cikin manyan almajiran Shehu. A watan Fabrairu na 1804 jama'ar Shehu suka yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu. Bello yana ɗan shekara 22 a lokacin.

Jihadi

Bello ya halarci yaƙin Tabkin Kwatto a watan Yuni na 1804, inda jama'ar Shehu suka yi nasara a kan Yunfa. Ya ga kuma mummunar asarar da aka yi a Tsuntsuwa da Alwasa, inda malamai da mahaddata da yawa suka rasu. Shehu ya aike shi ya sadu da shugabannin jama'a na Katsina da Kano da Daura da Zamfara, ya karɓi mubaya'arsu a madadinsa. A watan Oktoba na 1808 Bello ya jagoranci rundunar da ta ci Alƙalawa, babban birnin Gobir, inda aka kashe Yunfa. Da Shehu ya raba kula da ƙasa a 1812, Abdullahi ya riƙe yamma, Bello ya riƙe gabas, wato ɓangaren da ya haɗa da Katsina da Kano da Zazzau da Bauchi.

'Yandoto

'Yandoto tsohon garin malamai ne a kudu maso yammacin tsohuwar ƙasar Katsina, yanzu yana cikin ƙaramar hukumar Tsafe a jihar Zamfara. Tarihin baka yana cewa daga nan Muhammadu Korau, Sarkin Katsina, ya fito. Ɗalibai sukan zo garin daga nesa, malamansa kuma suna da tarin littattafai na gado. Yawancin waɗannan malamai ba su yarda da jihadin Shehu ba, har suka kori waɗanda suka goyi bayansa daga cikinsu.

Wajen 1806 Bello ya sauka kusa da garin tare da mayaƙan Katsina, cikinsu har da Ummarun Dallaje. Bisa ga labarin da shi kansa ya bayar, ya aika wa malaman cewa su fito a zauna a yi munazara: in gaskiya tana wurinsu, shi da jama'arsa za su tuba su bar abin da suke kai, in kuwa tana wurin Shehu, su ne za su bi. Malaman suka ƙi zama da shi, suka mayar da amsa mai zafi. Daga nan aka far wa garin, aka ci shi, malamansa suka watse. Littattafai masu yawa sun salwanta, tarihin baka na yankin kuma yana cewa an ƙona su. Labarin da ya fi shahara a rubuce a kan abin da ya faru na Bello ne, wato na wanda ya yi nasara.

Muhawara da Elkanemi

A 1808 mabiya jihadi suka ci Ngazargamu, babban birnin Barno. Mai na Barno ya nemi taimakon Elkanemi, malami da ya yi karatu a ƙasashen gabas ya kuma yi aikin hajji, shi ya taimaka aka ƙwato birnin. Tsakanin 1808 da 1812 Elkanemi ya riƙa musayar wasiƙu da shugabannin jihadi, Bello ne ya rubuta yawancin amsoshin.

Elkanemi ya tambayi dalilin da ya sa ake yaƙar mutanen Barno ana bautar da 'ya'yansu alhali suna salla, suna azumi, suna ba da zakka. Ya yarda akwai cin hanci, da cin dukiyar marayu, da fitar mata ba lulluɓi, da yanka a wasu wurare bisa al'ada, amma ya ce waɗannan saɓo ne, saɓo kuwa ba ya fitar da mutum daga Musulunci, kuma ana samun irinsu a Masar da Sham ba wanda ya kafirta mutanen can. Ya ce ya karanta littattafan Shehu yana kuma ƙaunarsa, amma inda Shehu da gaskiya suka rabu, gaskiya zai bi. Sannan ya juya zargin a kansu: ya ce mutanensu suna yayyaga littattafai, suna watsar da su a kan hanya, suna jefa su cikin ƙazanta, alhali da sunan Allah a cikinsu.

A kan batun yaƙi, Bello ya kafa hujja da cewa sarakunan Barno sun taimaki sarakunan Hausa wajen yaƙar Musulmi, kuma yanka domin duwatsu da itatuwa shirka ne. A kan batun littattafai kuwa bai musa cewa abin ya faru ba. Ya ce a wani yaƙi da ya ci wani gari na ƙasar Katsina ya ga iska tana kwasar takardu tana zubar da su cikin ƙazanta. Ya yi ta tsince su har ya gaji saboda yawansu, ya wuni cikin ɓacin rai. Sai ya tara mayaƙa ya tsawata musu, suka ce rigima ce a kan ganima ta jawo haka, kuma in akwai wanda ya yi da gangan, to daga cikin jahilan runduna ne, da an gan shi da an hukunta shi. Masana tarihi da yawa suna ganin 'Yandoto yake nufi.

Muhawarar ba ta kai ga yarjejeniya ba. Amma da Bello ya kammala Infaƙul Maisur a 1812, ya kwafe wasiƙar Elkanemi a ciki tare da amsoshinsa. Ta wannan hanya ce suka mafi ƙarfi da aka yi wa jihadin a zamaninsa ta iso ga masu karatu na baya.

Hukuncin wulaƙanta littafi

Zargin Elkanemi yana da nauyi ne saboda dukansu biyu mazhabar Malikiyya suke bi. Muhtasar na Halilu, wanda malaman ƙasar Hausa da Barno suke karantarwa, ya lissafa jefa Alƙur'ani cikin ƙazanta a cikin ayyukan da suke sa mutum ya yi ridda. Ke nan Elkanemi yana nuna cewa masu kafirta wasu sun aikata abin da ya fi abin da suke zargi muni. Malamai sun bambanta wannan da ƙona takardu domin kare su daga wulaƙanci, kamar yadda Halifa Usmanu ɗan Affan ya sa aka ƙona sauran kwafe-kwafe bayan an tattara Alƙur'ani a kan rubutu ɗaya. Abin da ake dubawa shi ne niyya. Saboda haka har yau a makarantun allo ba a zubar da wankin allo a wuri mai ƙazanta, tsofaffin takardu kuma binne su ake yi ko a ƙona su cikin ladabi.

Abin da ya faru a 'Yandoto yaƙi ne tsakanin Musulmi, ya bambanta da ƙona littafin addini da gangan a bainar jama'a domin nuna adawa, irin wanda aka yi a Suwidin da Denmak a 2023, har majalisar dokokin Denmak ta haramta shi a watan Disamba na shekarar. Sai dai tambaya ɗaya ta haɗa su: shin littafi yana rasa alfarmarsa don yana hannun abokin gaba? Bello da Elkanemi, duk da yaƙin da ke tsakaninsu, sun haɗu a kan cewa ba ya rasawa, kuma hujja da hujja ake rushe ta.

Sarauta da tawayen Abdussalami

Shehu ya rasu a Sakkwato a watan Afrilu na 1817, aka yi wa Bello mubaya'a. Abdullahi bai ji daɗin yadda aka yi ba, sai bayan 'yan shekaru suka daidaita, lokacin da Bello ya kai masa gudummawa a yaƙin Kalambaina.

Babban ƙalubalen farko ya fito ne daga Abdussalami, Ba'are, wanda harin da aka kai wa garinsa ya kasance cikin musabbaban hijira. Yana zaune a Kware, arewa da Sakkwato. Ya yi ƙorafin cewa an raba ƙasa tsakanin dangin Shehu da manyan Fulani, shi kuwa an ba shi ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, ya kuma zargi shugabanni da zalunci. Bello ya yi musayar wasiƙu da shi, yana amsa ƙorafinsa. Da Abdussalami ya ƙulla hulɗa da abokan gaban daular, Bello ya yanke masa hukuncin ridda, ya kewaye Kware, garin ya faɗi a farkon 1818. Abdussalami ya tsere da rauni, ya rasu a Bakura. A nan ma Bello ya rubuta labarin tare da wasiƙun abokin hamayyarsa a cikin Sardul Kalam. Kamar a 'Yandoto, an fara da alƙalami, amma da jayayya ta taɓa biyayya ga shugabanci, takobi ne ya raba gardama.

Baƙi daga Ingila

A watan Maris na 1824 Hugh Clapperton, matafiyi daga Birtaniya, ya iso Sakkwato. Bello ya yi masa tambayoyi a kan ɗariƙun Kirista har ya ba shi mamaki, suka kuma tattauna batun ciniki da na fataucin bayi. Ya fito da wasu littattafan Turanci na Dixon Denham, abokin tafiyar Clapperton, waɗanda suka faɗa hannun mutanen daular a wani hari da Denham ya raka mayaƙan Barno, ya mayar da su.

Da Clapperton ya komo a 1826, ya kawo masa littattafai da Larabci, cikinsu har da littafin lissafi na Iƙlidisu da littattafan addinin Kirista. Bello ya karɓa, ya ce gidansu suna da kwafen Iƙlidisu da aka kawo daga Makka, amma ya ƙone a gobara. A wannan karon ana yaƙi da Barno, don haka Bello ya ƙwace wasiƙa da kyaututtukan da Clapperton yake ɗauke da su zuwa ga Elkanemi. Rundunar Elkanemi ta shigo ƙasar Kano, Sarkin Bauchi Yakubu ya tare ta ya kore ta a 1827. Clapperton ya rasu a Sakkwato a watan Afrilu na shekarar.

Mulki da rubuce-rubuce

Bello ya kafa ribaɗoɗi, wato garuruwan tsaron iyaka, mafi shahara a cikinsu shi ne Wurno, inda ya fi zama a ƙarshen rayuwarsa. Ya ƙarfafa wa makiyaya gwiwa su zauna wuri ɗaya su sa 'ya'yansu karatu. Ya rubuta littattafai masu yawa a kan tarihi da fiƙihu da sufanci da magunguna da tsarin mulki. Usulus Siyasa ya rubuta shi ne domin Ummarun Dallaje, Sarkin Katsina na farko bayan jihadi, wanda masarautarsa ta haɗa da yankin da Kankiya da Kusada suke a yau. A ciki ya bayyana cewa shugaba ya zama mai tsoron Allah da sauƙin hali, ya kusanci malamai ya nemi shawararsu, ya kuma samar wa talakawa sana'o'i da kasuwanni da hanyoyi. Alhaji Umaru Tal, malamin Tijjaniyya daga Futa Toro, ya zauna a wurinsa shekaru da dama, ya auri 'yarsa.

Rasuwa

A 1836 Bello ya yi nasara a yaƙin Gawakuke a kan haɗin gwiwar Gobirawa da Katsinawan Maraɗi da wasu Abzinawa, inda aka kashe Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsina Rauda. Ya rasu a Wurno a watan Oktoba na 1837, a nan kabarinsa yake, mutane suna ziyartarsa. Ƙanensa Abubakar Atiku ne ya gaje shi. Elkanemi ma a shekarar 1837 ya rasu a Kukawa. E. J. Arnett ya fassara Infaƙul Maisur zuwa Turanci a 1922, kuma wasiƙun malaman biyu suna cikin abubuwan da ake koyarwa a darussan tarihin Afirka ta Yamma.