Friedrich Reinitzer: Masanin tsirran da binciken karas ya kai shi ga gano ruwan kiristal

Akwai wata irin roba da masana ke haɗawa a yau wadda ke sauya launi idan aka ja ta. Tana ajiye ja ce, a miƙa ta kaɗan ta koma kore, a ƙara ja ta zama shuɗi, a sake ta kuma ta koma yadda take. Babu rini ko ɗigo a cikinta. Asalin wannan abin mamaki yana komawa ne ga wani masanin tsirrai ɗan ƙasar Austriya, Friedrich Reinitzer, wanda ya ga wani abu da ya saɓa wa ilimin zamaninsa, ya kuma ƙi kau da kai.

An haifi Reinitzer ranar 25 ga Fabrairun 1857 a birnin Prague, wanda a lokacin yake ƙarƙashin daular Austriya, a cikin iyali masu jin Jamusanci. A can ya karanci ilimin sinadarai, ya fara koyarwa a 1883, ya zama farfesa a 1888.

Sinadari mai narkewa sau biyu

A shekarar 1888 yana nazarin wani sinadari da ke cikin karas mai kama da kolestarol, abin da ya sa ya shiga gwada kolestarol ɗin kansa da sinadaran da ake samu daga gare shi. Ɗaya daga cikinsu, wanda ake kira kolestaril benzowet, ya ba shi mamaki.

Abin da aka sani shi ne kowane sinadari mai tsabta yana da zafi guda da yake narkewa, kamar yadda ƙanƙara ke zama ruwa. Shi wannan kuwa, da zafi ya kai digiri 145.5 a ma'aunin Selshiyos sai ya narke ya zama ruwa mai gurɓi-gurɓi kamar madara. Da ya kai 178.5 sai ya washe tas. Yayin da yake hucewa kuma, launin shuɗi da na shunayya kan bayyana na ɗan lokaci su ɓace.

Bayani mafi sauƙi shi ne datti ya shiga sinadarin. Reinitzer ya tace shi, ya sake gwadawa, sakamakon bai canza ba. Da ya ga lamarin ya fi ƙarfin fanninsa, sai ya rubuta wa wani masanin kimiyyar lissafi da haske Bajamushe, Otto Lehmann, wasiƙa ranar 14 ga Maris 1888, ya kuma aika masa samfuri.

Lehmann yana da madubin ƙara girma da ya haɗa da abin ɗumama samfuri, don haka yana iya kallon sinadari yayin da yake narkewa. Ya gano cewa ruwan mai gurɓi yana kwarara kamar kowane ruwa, amma yana sarrafa haske kamar daskararren kiristal. Daga aikinsa ne sunan ruwan kiristal ya fito.

Musu da rigimar suna

Ba kowa ya yarda ba. Fitattun masana irin su Gustav Tammann sun daɗe suna cewa cakuɗe ne kawai na abubuwa biyu. Shi kuwa Reinitzer, bayan ya gabatar da sakamakonsa a Vienna a watan Mayun 1888, ya koma kan tsirrai, ya bar wa Lehmann fagen. Sunan Lehmann ya yi ta tashi, har a 1908 Reinitzer ya fito a wata mujallar kimiyya ta Jamus yana tuna wa duniya wanda ya fara ganin abin.

Ya koma jami'ar fasaha ta Graz, ya shugabance ta daga 1909 zuwa 1910. A wannan birni ya rasu ranar 16 ga Fabrairun 1927, lokacin da ruwan kiristal bai da wani amfani da aka sani a wajen ɗakin gwaji. Sai a 1968 kamfanin RCA na Amurka ya nuna allon da ke aiki da shi, wanda ya zama kakan allon LCD na agogo, talabijin, kwamfuta da wayoyi masu yawa.

Sirrin launin da ya gani

Ƙwayoyin irin sinadarin da Reinitzer ya gwada dogaye ne kamar tsinke, kuma suna jeruwa a murɗe kamar sifirin. Tsawon murɗin ne ke zaɓar launin hasken da zai dawo wa ido: mai tsawo ya ba da ja, gajere ya ba da shuɗi. Haka ne ma wasu ƙwaro ke samun ƙyallin bayansu.

A 1975 masanin Faransa Pierre-Gilles de Gennes, wanda ya ci kyautar Nobel a 1991, ya kawo shawarar a ɗaure irin waɗannan ƙwayoyi a cikin roba. Heino Finkelmann na Jamus da abokan aikinsa suka haɗa ta a 1981. Idan aka ja robar da ke ɗauke da murɗin, takan yi siriri, murɗin ya matse, launin ya tashi daga ja zuwa shuɗi.

Masu bincike a Jami'ar Luxembourg sun riga sun yi zare da ita wanda ake ɗinkawa a tufafi, suna kuma gwada shafa ta a jikin kankare domin launi ya tona tsagewar gini ko gada tun ido bai iya ganinta ba. Duk wannan ya samo tushe ne daga shuɗin da Reinitzer ya gani na ɗan lokaci a Prague, ya rubuta shi maimakon ya zubar da samfurin.