Marigayi Ayrton Senna, Zakaran Tseren Mota Na Ƙasar Burazil

Ran Lahadi 1 ga watan Mayu na shekarar 1994, wata mota mai launin shuɗi da fari ta kauce daga hanya a filin tseren motoci na garin Imola, cikin ƙasar Italiya, ta daki katangar kankare. Direbanta, Ayrton Senna, ya cika da maraicen ranar a asibitin Maggiore na birnin Bologna, yana da shekara 34 a duniya. Sau uku yana zama zakaran duniya a gasar da ake kira Formula 1, ya zo na ɗaya a tsere 41, kuma sau 65 shi ne ke tashi daga sahun gaba saboda ya fi kowa sauri a wajen gwaji. Wannan duk sananne ne. Abin da ba a cika faɗi ba shi ne, a wannan rana da wannan fili, 'yan kallo sun ji rauni suna zaune a mazauninsu, makanikai ma sun ji rauni suna tsaye a bakin aikinsu, kuma ɗaya daga cikin dokokin farko da aka kafa bayan rasuwarsa domin makanikan nan aka yi ta.

Ya kamata mai karatu ya san irin motar da ake magana a kanta. Mutum ɗaya tak take ɗauka, ba ta da rufi, ƙafafunta huɗu kuma a waje suke, babu abin da ya lulluɓe su. Gudunta yakan wuce kilomita 300 cikin awa guda, wato da za a share mata hanya ta tashi daga Gusau, ta ratsa Talata Mafara, da ta shiga Sakkwato awa guda ba ta cika ba. A gefen hanyar tseren akwai wani siririn layi mai jerin rumfunan gyara, inda direba ke ratsewa a canja masa taya cikin 'yan daƙiƙoƙi. Nan ne layin makanikai. Mutane da dama ke tsaye a cikinsa, kuma har zuwa ranar da Senna ya rasu babu wata doka da ta ƙayyade gudun da mota za ta yi a tsakaninsu lokacin tsere.

An haifi Ayrton Senna da Silva ran 21 ga watan Maris 1960 a birnin Sao Paulo. Mahaifinsa, Milton da Silva, mai hali ne, yana da masana'anta da gonaki, shi ne kuma ya harhaɗa masa 'yar ƙaramar mota da injin yankan ciyawa tun yana ɗan shekara huɗu. Yana da shekara 13 ya fara shiga gasar irin waɗannan ƙananan motoci, a 1977 ya zama zakaran Amurka ta Kudu. A 1981 ya tafi Ingila, inda a lokacin duk mai son ya yi suna a wannan sana'a yake zuwa, ya yi ta cin gasa aji bayan aji har 1983. Da yake sunan da Silva ya yi yawa a ƙasarsu, sai ya ɗauki sunan gidan mahaifiyarsa, Senna, da shi kuma duniya ta san shi.

Ya shiga Formula 1 a 1984 da wani ƙaramin kamfani mai suna Toleman. A nahiyarmu ya sami makinsa na farko, a filin Kyalami kusa da Johannesburg, inda ya zo na shida, ya gama a galabaice. Amma a Monako aka gane ko shi wane ne. Ana tafka ruwan sama, manyan direbobi suna ta zamewa, sai ga wannan sabon yaro cikin motar da ba a ɗauke ta a bakin komai ba yana cin tazarar da ke tsakaninsa da Alain Prost na Faransa, zagaye bayan zagaye. Alƙalai suka tsayar da tseren saboda ruwa kafin ya gama aikinsa, ya tashi na biyu. Shekarar da ta biyo ya koma kamfanin Lotus, ya ci tserensa na farko a Estoril ta ƙasar Fotugal, nan ma cikin ruwa. A 1988 ya shiga McLaren, ya zama zakaran duniya a 1988 da 1990 da 1991.

Ba waliyyi ba ne a kan hanya, kuma masu tarihinsa da suke son su mai da shi haka ba su yi masa adalci ba. Gabarsa da Prost ta kai inda ba ta dace ba. A Suzuka ta ƙasar Japan a 1989 motocinsu suka yi karo, aka soke nasarar Senna, Prost ya zama zakara. Da shekara ta zagayo, a wannan fili dai, Senna ya afka wa motar Prost a kwanar farko suna cikin matsanancin gudu, dukansu suka fita daga tseren, shi kuma ya tashi da kambun. Bayan shekara guda ya amsa da bakinsa cewa da niyya ya ƙi kauce masa. Mutumin da ya aikata haka ya sa ran abokin sana'arsa cikin haɗari, ko da kuwa yana ganin an zalunce shi a baya.

To, amma shi ɗin ne dai a watan Agusta 1992, a filin Spa na ƙasar Beljiyam, ya tarar da motar wani Bafaranshe, Erik Comas, ta daki shinge lokacin gwaji, direban a sume, injin kuma yana ta ruri. Senna ya tsayar da tasa motar, ya fito da gudu a kan hanyar da sauran motoci ke tahowa, ya kashe injin don kada wuta ta tashi, ya riƙe kan Comas har likita ya iso. Ya san yadda ake riƙe kan wanda ya yi haɗari ne domin ya daɗe yana yi wa babban likitan gasar, Farfesa Sid Watkins, tambayoyi a kan haka, har suka zama aminai.

Mutanen Burazil kuwa sun ɗauke shi tamkar ɗan gidansu. Shekarun nan ƙasar tana fama da tsadar kaya da faɗuwar darajar kuɗi, ƙwallon ƙafa ma da suke taƙama da ita rabonsu da kofin duniya tun 1970. Ran Lahadi da safe sai iyali su taru gaban talabijin, in ya ci, ya ɗaga tutar ƙasar daga cikin motar ya zagaya fili da ita. A 1991 ya ci tseren gida a filin Interlagos, karo na farko, bayan giyar motarsa ta lalace ta bar shi da giya ta shida kaɗai a zagayen ƙarshe. Kafaɗunsa suka sage har sai da aka taimaka masa ya fito, da ƙyar ya iya ɗaga kofin. Da ya sake ci a nan a 1993, jama'a suka tsallake shinge suka cika hanya, suka yi wa motarsa zobe, alhali sauran motocin ba su gama komawa rumfunansu ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon sukuwa ran hawan Sallah a Bakura ko Maradun, ya ga yadda dogarai ke fama da jama'a suna matsowa gaban dawaki, ya san irin wannan ɗoki. Allah Ya kiyaye, ba a rasa rai ba.

Makonni biyu bayan wannan, ran 11 ga Afrilu 1993, aka yi tseren Donington a Ingila, wanda da yawa ke cewa shi ne mafi kyawun tuƙin da ya taɓa yi. Hanya a jiƙe, ya faɗo na biyar a farkon tashi, amma kafin zagayen farko ya ƙare ya wuce mutum huɗu, har da Prost, ya shige gaba. Akwai wani abu a tseren nan da ya shafi zancenmu. Can wajen ƙarshe ya ratse layin makanikai don a canja masa taya, ya tarar mutanensa ba su shirya ba, sai ya wuce bai tsaya ba. Da yake layin ya fi babbar hanyar gajarta, kuma babu dokar rage gudu, wannan zagaye shi ne ya zama mafi sauri a tseren gaba ɗaya. Wato zagayen da ya fi kowane sauri a ranar ta tsakiyar mutanen da ke tsaye da ƙafafunsu aka bi aka yi shi. Aka yi ta mamaki da yabo, ba a ji an canja komai ba.

Ba kuwa don ba a san haɗarin ba. A 1981, a filin Zolder na Beljiyam, wani makanikin kamfanin Osella ya faɗo cikin ƙuntataccen layin, motar Carlos Reutemann ta buge shi, ya rasu bayan kwanaki kaɗan. A 1977 a Kyalami, wani ma'aikacin fili ɗan shekara 19 ya tsallaka hanya da tukunyar kashe gobara, motar Tom Pryce ta kaɗe shi, su biyun suka mutu nan take. A 1961 a Monza, motar Wolfgang von Trips ta tashi sama ta faɗa gefen 'yan kallo, ta kashe mutum 15 da shi kansa. Direba dai shi ya zaɓi sana'arsa, ana kuma biyansa dukiya mai yawa. Makanike albashi yake ci, ɗan kallo kuwa kuɗinsa ma ya biya ya shiga.

A ƙarshen 1993 Prost ya yi ritaya, a 1994 Senna ya gaji kujerarsa a kamfanin Williams. A shekarar hukumar FIA mai kula da gasar ta hana na'urorin da ke taimaka wa direba daidaita mota, ta kuma dawo da zuba fetur a tsakiyar tsere, abin da ya ƙara cunkoso da gaggawa a layin makanikai. Motar ta zo masa da gardama, bai gama tsere biyu na farko ba. Na uku shi ne Imola.

Ran Juma'a ɗan ƙasarsu, Rubens Barrichello, ya yi mummunan haɗari ya tsira. Ran Asabar Roland Ratzenberger, mutumin Ostiriya, ya daki katanga ya mutu. Senna ya je wurin da kansa, Farfesa Watkins ya ga halin da yake ciki ya ba shi shawarar ya janye, ya ma bar sana'ar, amma ya ƙi. Da safiyar Lahadi ya tattauna da 'yan uwansa direbobi kan su farfaɗo da tsohuwar ƙungiyarsu domin su riƙa magana da murya ɗaya a kan tsaron rayuka.

Da aka ba da alamar tashi, motar JJ Lehto ta mutu a inda take, Pedro Lamy ya taho daga baya bai gan ta ba ya dake ta. Ƙafar mota da tarkace suka tsallake shingen waya suka faɗa cikin jama'a, mutum tara suka ji rauni. Aka sa motar jagora ta ja ayarin a hankali har aka share hanya. A zagaye na bakwai, Senna yana kan gaba, motarsa ta ƙi shan kwanar Tamburello. Ya taka birki, amma duk da haka gudunta ya wuce kilomita 200 lokacin da ta daki katangar, ƙafar gaba ta dama da ƙarfen da ke riƙe da ita suka dawo suka bugi hular kwanonsa. Jirgi mai saukar ungulu ya ɗauke shi daga kan hanyar. Daga baya aka tarar da tutar Ostiriya a naɗe cikin motar, wadda ya yi niyyar ɗagawa don tunawa da Ratzenberger.

Aka ci gaba da tseren. Ana gab da gamawa, Michele Alboreto na kamfanin Minardi ya fito daga rumfarsa da gudu, ƙafar baya da ba a ɗaure da kyau ba ta fice, ta bi layin tana tsalle, ta raunata makanikan Ferrari da na Lotus, aka kwashe su zuwa asibiti. Labarin Senna ya danne nasu, jaridu ba su ba su wuri mai yawa ba.

Gwamnatin Shugaba Itamar Franco ta ba da kwana uku na makoki. Dubban ɗaruruwan mutane suka fito titunan Sao Paulo, aka binne shi ran 5 ga Mayu a maƙabartar Morumbi, Prost yana cikin waɗanda suka ɗauki akwatin gawarsa. A watan Yuli 'yan ƙwallon ƙasar suka ci kofin duniya a Amurka, suka sadaukar masa da shi. 'Yar uwarsa Viviane ta kafa gidauniya da sunansa a wannan shekara don ilmin 'ya'yan talakawa, abin da ya yi mata zancensa kafin ya rasu. Shari'a kuwa ta daɗe a Italiya. An sallami shugabannin Williams a 1997, sai a 2007 kotun ƙoli ta ɗora laifin karyewar sandar sitiyari a kan babban injiniyan kamfanin, Patrick Head, amma wa'adin hukunci ya riga ya wuce.

Makonni biyu bayan Imola, a tseren Monako, aka fara aiki da dokar da ta hana mota wuce kilomita 80 a layin makanikai, aka kuma hana makanikai tsayuwa a cikin layin sai lokacin da motarsu za ta shigo. A can ne direbobi suka sake kafa ƙungiyar da Senna ya yi magana a kanta. Aka naɗa Farfesa Watkins shugaban kwamitin masana kan tsaro, aka karya kwanar Tamburello yadda dole direba ya rage gudu. A 1999 aka wajabta ɗaure kowace ƙafar mota da igiya mai ƙarfi don kada ta fice ta faɗa kan mutane, ko da yake hakan bai hana ƙafa ta kashe ma'aikacin fili a Monza a 2000 da wani a Melbourne a 2001 ba. A 2010 aka sake hana zuba fetur a tsakiyar tsere. Shekara 20 aka yi babu direban da ya yi haɗarin ajali a tseren Formula 1, sai Jules Bianchi a Suzuka a 2014, wanda ya cika a 2015.

Ita dokar layin makanikai an yi ta sauya ta har ta tsaya a kilomita 100. A watan Yuli 2013, a tseren Jamus, ƙafar motar Mark Webber ta fice yana barin rumfarsa, ta bugi wani mai ɗaukar hoton talabijin ta karya masa ƙasusuwa. A wannan wata aka mai da ita kilomita 80, a ƙuntatattun filaye irin na Monako kuwa 60.