Fada Marin Mersenne da Lambobin da Ba Su Rabuwa

Dukanmu mun koya a ajin lissafi cewa akwai lambobin da ba su rabuwa sai da 1 ko da kansu, kamar 2, 3, 5, 7 da 11. Amma kaɗan ne cikinmu suka san labarin mutumin da manya-manyan lambobin wannan iri ke ɗauke da sunansa.

An haifi Marin Mersenne a ƙasar Faransa a shekara ta 1588. Ya yi karatu a makarantar La Flèche, a 1611 kuma ya shiga ƙungiyar sufaye ta Minim, daga baya aka naɗa shi fada. Ya zauna a birnin Paris daga 1619 har ya rasu a 1648. A zamaninsa babu mujallun kimiyya, saboda haka shi ne ya zama mahaɗar masana. Yana musayar wasiƙu da Descartes da Fermat da Galileo, abin da wannan ya gano sai ya isar wa wancan.

Ga lambobin da suka ɗauki hankalinsa. Mu jera biyu guda uku mu ninka su, mu cire 1, sai mu sami 7. Biyu guda biyar za su ba mu 31. Duka biyun ba su rabuwa. Amma biyu guda 11 suna ba da 2,047, wadda ita ce 23 sau 89. To, yaushe ke nan dabarar take ci?

A 1644 Mersenne ya buga amsarsa, cewa daga 2 zuwa 257 wurare goma sha ɗaya ne kawai: 2, 3, 5, 7, 13, 17, 19, 31, 67, 127 da 257. Bai kawo hujja ba, ga shi babu na'urar da za ta gwada.

Masana sun shafe shekaru kusan ɗari uku suna bin diddigi. A 1772 Euler ya tabbatar da ta 31, wato 2,147,483,647. A 1876 Lucas ya tabbatar da ta 127, mai alƙaluma 39. A 1903 Frank Cole ya tsaya gaban allo a New York ya nuna cewa ta 67 ita ce 193,707,721 sau 761,838,257,287. Ashe Fada ya yi kuskure biyar: ya sa 67 da 257, ya bar 61, 89 da 107.

Duk da haka sunansa bai ɓace ba. A 2024 kwamfuta ta gano wata lambar Mersenne da ba ta rabuwa mai alƙaluma fiye da miliyan 41.

Mu da muke ɓoye littafin aikinmu don tsoron jan biro, sai mu tuna da shi. Da ya rufe amsarsa cikin akwati, da babu wanda zai gyara ta.