Albert Michelson, ɗan baƙin da ya ƙare rayuwarsa yana auna haske

Akwai wata na'ura a ɗakin gwaje-gwajen makarantar da nake koyarwa a nan Amurka, duk shekara sai ta ba ni kunya a gaban ɗalibai. Ba ta da wani yawan kaya: fitilar leza, gilashi guda mai raba haske gida biyu, da madubai biyu. Rabin hasken ya nufi wannan madubi, rabi ya nufi wancan, su dawo su haɗu, sai layuka na haske da duhu su bayyana a bango. Tsawon hanya ɗaya ya canza ko da ƙanƙani, layukan su gusa. To matsalar ita ce komai ma gusar da su yake yi. Ɗalibi ya ja kujera, su kama rawa. Babbar mota ta wuce a titi, su ɓace ɓat. A irin wannan lokacin nakan tuna da wanda ya ƙirƙiro ta, Albert Michelson, don shi da wannan rawar ya yi ta fama har ya koma.

An haife shi a Disamban 1852 a garin Strelno, wanda yau yake cikin ƙasar Polan. Iyayensa Yahudawa ne, suka yi ƙaura zuwa Amurka a 1855 yana ɗan ƙarami. Mahaifinsa ɗan kasuwa ne, yana sayar wa masu haƙar zinariya kaya a Kalifoniya, daga baya ya bi masu haƙar azurfa zuwa Nevada. Mu da muke renon yara a ƙasar wasu ai mun san irin wannan gidan: uba yana kanti, ido yana kan karatun yaro. A 1869 Michelson ya nemi shiga makarantar sojan ruwa ta Annapolis, aka ba wani gurbin. Yaro ɗan shekara 16 ya shiga jirgin ƙasa har Washington ya kai kukansa, kuma Shugaba Grant ya ba shi gurbi na musamman. Ya gama a 1873, ya yi shekara biyu a teku, ya dawo makarantar yana koyarwa.

A can ne ya kamu da son auna gudun haske. A 1879, da madubi mai juyawa, ya samu kilomita 299,910 a daƙiƙa guda. Adadin da ake aiki da shi yau 299,792 ne. Ka ga kuwa bai yi nisa ba.

A zamanin, masana sun yarda cewa kamar yadda sauti ke buƙatar iska, shi ma haske yana tafiya ne cikin wani abu da ya cika sararin samaniya, wanda suka sa wa suna eta. Tunda duniya tana zagaya rana da gudun kusan kilomita 30 a daƙiƙa, dole wai ta riƙa keta wannan eta. Mai kwale-kwalen da ya tsallaka kogi ya dawo zai riga wanda ya yi gaba da ruwa ya dawo, ko da nisan ɗaya ne. Michelson ya yi tunanin haske ma haka zai yi, sai ya ƙera na'urar nan a 1881 a Jamus don ya kama bambancin. A Balin keken doki da ke wucewa a titi suka hana shi aiki. Ya kwashe kayansa zuwa ɗakin ƙarƙashin ƙasa a Potsdam, can ma mutum ya buga ƙafa a nisan mita 100 sai layukan su watse. Bai ga komai ba.

Bai haƙura ba. A Cleveland ya haɗu da masanin sinadarai Edward Morley. Kafin su kai ga gwajin, aiki ya kayar da Michelson har ya kwanta jinya a 1885, gobara kuma ta cinye ginin makarantarsa a 1886. A Yulin 1887 suka ɗora na'urar a kan faifan dutse, dutsen yana yawo a kan ruwan makuri don kada girgiza ta kai gare shi, suka ninka hanyar hasken ta kai mita 11. Lissafi ya ce layukan za su gusa yadda ido zai gani sarai. Ba su gusa ba. Shi Michelson faɗuwa ya ɗauki abin, kuma har tsufansa zuciyarsa ba ta saki eta ba. Amma bayan Einstein ya kawo nazarinsa a 1905, wanda ya nuna gudun haske ɗaya ne ga kowa, wannan rashin ganin komai ya zama ɗaya daga manyan hujjoji. A 1907 aka ba Michelson kyautar Nobel, shi ne Ba'amurke na farko da ya same ta a fannin kimiyya. A 1920 shi da Francis Pease suka auna faɗin tauraron Betelgeuse. Ya rasu a Pasadena ranar 9 ga Mayu 1931, yana tsaka da wani sabon awon gudun haske.

Abin da ya sa na ɗauko tarihinsa shi ne na'urarsa ba ta mutu ba, girma ta yi. A 1916 Einstein ya ce idan manyan abubuwa masu nauyi suka yi mummunan motsi, sarari da kansa yakan miƙe ya tsuke, girgizar ta bazu kamar igiyar ruwa. Don jin wannan girgiza aka gina LIGO, ɗaya a jihar Washington, ɗaya a Louisiana. Tsarin Michelson ne dai, sai dai kowane hannu kilomita 4 ne. Ranar 14 ga Satumba 2015 suka jiyo karon baƙaƙen ramuka biyu na samaniya, kuma canjin tsawon da suka auna bai kai ko kusa da faɗin ƙwayar furoton ba.

An magance girgizar ƙasa da ta motoci, sai wata hayaniyar ta fito daga cikin hasken kansa. Haske ƙwayoyi ne, kuma ba sa isowa a jere, yayyafi suke kamar ruwan sama a kan kwano. Ka ƙara ƙarfin leza, yayyafin ya daidaita, amma ƙwayoyin su riƙa ture madubai masu kilo 40. Dokar da Heisenberg ya kawo a 1927 ta hana a kawar da rashin tabbas ɗin gaba ɗaya. Ba ta hana a matsa shi gefe ba. A 1981, shekara 100 cif bayan Potsdam, Carlton Caves ya nuna cewa hayaniyar tana shigowa ne ta ƙofar gilashin nan mai raba haske da aka bari fanko, ya ba da shawarar a tura matsattsen haske ta nan. Kamar balan-balan ne: ka matse tsakiya, gefe ya kumbura. Ana rage hayaniya a ɓangaren da ake aunawa, ta taru a wanda bai dame ka ba. Na'urar GEO600 ta Jamus ce ta fara aiki da shi, LIGO ta ɗauka a 2019, a 2023 kuma aka ƙara wani bututu mai mita 300 da ke juya matsin gwargwadon saurin girgizar da ake saurare.

Shekarar da ta wuce wata ɗaliba ta kawo min rahotonta tana ba da haƙuri, wai gwajinta bai nuna komai ba. Na duba, ta auna da kyau, ta rubuta iyakar kuskurenta. Na ba ta cikakken maki, na ce ta je ta karanta abin da ya faru a Cleveland a 1887.