Baturen da ya bi hanyar alhazai ta sama

A ajin da nake koyarwa a nan Umdurman, da zarar an ji ƙarar jirgin sama sai kowa ya yi tsit. Tun daga watan Afrilun 2023 yaranmu suka iya bambance ƙarar jirgin yaƙi da ta maras matuƙi, wasunsu tun ba su haddace lissafin sau ba. Shi ya sa ranar da na nuna musu wani ɗan bidiyo a wayata, na wani tsohon jirgin yaƙi yana tashi a Ingila jama'a na ta tafi, wata yarinya ta ɗaga hannu ta tambaye ni murnar me suke yi. Wallahi ban ba ta amsar kirki ba a ranar. Na koma gida na yi ta bincike, binciken ya kai ni ga rayuwar wani Bature da ya mutu tun 1948, Arthur Coningham, ya kuma dawo da ni kan hanyar da kakanninmu suka biyo.

Bari in fara da jirgin da ke cikin bidiyon. Sunansa Bristol Blenheim, mai inji biyu ne, na zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, yana ajiye a filin jirgi na Duxford kusa da Kambirij. Irinsa shi kaɗai ya rage a duniya da ke iya tashi. Wasu mutane ne, yawancinsu 'yan sa kai, suka yi shekara 12 suna harhaɗa shi daga ruɓaɓɓun ƙarafa. Ya tashi a watan Mayun 1987, wata guda bayan nan ya faɗi ya ragargaje, Allah ya sa ba a rasa rai ba. Suka samo wani gangar jikin, suka sake shekara biyar, ya tashi a 1993. A 2003 ya sake faɗuwa wajen sauka. Suka koma bakin aiki, sai a watan Nuwamban 2014 ya sake hawa sama. Hancin da ke jikinsa yanzu ma, wani mutum ne ya taɓa mayar da shi ƙaramar mota mai aiki da batir bayan yaƙi, daga baya aka maido da shi mazauninsa.

To ina ruwan Bahaushen Umdurman da wannan? Ruwanmu shi ne, ire-iren wannan jirgi sun sha wucewa ta saman garin nan, kuma daga Kano suke fitowa. Wanda ya fara share musu hanyar shi ne Coningham.

An haife shi a Birisben ta ƙasar Ostiraliya ranar 19 ga Janairun 1895. Bai tashi cikin rufin asiri ba. Mahaifinsa sanannen ɗan wasan kurket ne, amma ya zubar da mutuncinsa a wata shari'a da ya shigar da wani limamin coci bisa zargin da kotu ba ta yarda da shi ba. Kunya ta sa gidan ya yi ƙaura zuwa Niyu Zilan, can ma uban ya shiga kurkuku kan zamba, a ƙarshe auren ya mutu. Yaron ya samu gurbin karatu kyauta a kwalejin Wellington, sai dai ba a san shi da ƙoƙari a aji ba. Gwaninsa hawan doki ne da harbi da guje-guje. Da ya bar makaranta aikin gona ya kama. A matsayina na malami wannan wurin ya tsaya mini a rai, domin ina da irinsa a bencin baya, kuma nakan yi saurin yanke musu hukunci.

Da yaƙi ya ɓarke a 1914 ya shiga soja, aka kai shi tsibirin Samowa, daga baya Masar. Zazzaɓin taifot ya kwantar da shi, aka sallame shi aka mayar da shi gida. Maimakon ya zauna, sai ya biya kuɗin jirgin ruwa daga aljihunsa ya tafi Ingila a 1916, ya koyi tuƙin jirgin sama. Ya yi yaƙi a sararin Faransa, aka ji masa rauni a 1917, ya warke ya koma, har ya shugabanci runduna ta 92 yana ɗan shekara 23. A nan abokansa suka laƙaba masa Maori, sunan mutanen asali na Niyu Zilan, bakin mutane ya murɗa shi ya koma Mary, sunan mata, shi kuma ya amsa shi har ƙarshen rayuwarsa.

Akwai wani babi da ba zan tsallake ba. A 1922 an ba shi runduna ta 55 a Mosil, arewacin Iraƙi. A lokacin Ingila ta gano cewa mulkin mutane daga sama ya fi araha: duk ƙauyen da ya ƙi bin umarni, sai a aika masa jirage da bamabamai. Coningham yana cikin masu wannan aiki a yankunan Kurdawa, Musulmi 'yan'uwanmu. Mu ma nan Sudan mun ɗanɗana. An yi amfani da jirage a yaƙin da aka yi da Sarkin Darfur Ali Dinar a 1916, aka kuma yi da Nuwer a kudu wajen 1927 da 1928. Saboda haka tambayar ɗalibata tana kan hanya, kuma ba zan ce mata mutumin nan waliyyi ne ba.

Abin da ya haɗa shi da mu ya faru ne a 1925. Yana aiki a Masar aka ba shi jagorancin jirage uku na runduna ta 47, ƙirar DH.9A, a ce ya kai su Najeriya, inda jirgin sama bai taɓa sauka ba. Ku kwatanta jirgin a ranku: katako ne da waya, an lulluɓe shi da ƙyalle, fukafukai hawa biyu, inji ɗaya, mutum biyu a zaune kawunansu a waje, rana da ƙura na dukansu. Suka tashi daga Hilwan kusa da Alƙahira ranar 27 ga Oktoba, suka biyo Nilu ta Wadi Halfa zuwa Khartum. Daga nan suka juya yamma, Al-Ubayyid, Al-Fashir, suka ratsa ƙasar Cadi da ke hannun Faransa, suka shiga Barno. Ranar 1 ga Nuwamba suka sauka a Kano, a filin dawakai, zamanin Sarki Usmanu. Wannan rana ce Najeriya take ƙirgawa a matsayin mafarin zirga-zirgar jiragen sama a ƙasar. Suka ƙarasa Kaduna, suka juyo ta hanyar da suka bi, suka isa Hilwan ranar 19 ga Nuwamba. Tafiyar ta haura kilomita 10,000, kuma da jiragen da suka tafi da su suka dawo, duka ukun.

Ranar da na karanta jerin garuruwan nan sai da tsikar jikina ta tashi, domin na san su tun kafin in san taswira. Su ne garuruwan da kakana, Allah ya jiƙansa, yake lissafa mana bayan sallar isha'i, sai dai shi daga yamma yake farawa ya yo gabas. Yana yaro iyayensa suka taso da shi daga ƙasar Hausa da niyyar aikin hajji, da jaki biyu. Inda damina ta riske su sai su tsaya su yi noma, su sayar, su ƙara gaba. Shekara uku suka yi kafin su ga Nilu, an kuma binne ƙanwarsa a wani ƙauye da ya mutu bai tuna sunansa ba. Abin da Coningham ya yi cikin kwana shida ke nan.

Kuma ba gidanmu kaɗai ba ne. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja jama'a suka yo gabas har suka kafa garin Mai Wurno kusa da Sinnar. A shekarar 1925 ɗin nan da jiragen suka wuce aka gama madatsar ruwa ta Sinnar, gonakin auduga na Jazira suka buɗe, mutanenmu da yawa suka tsaya nan neman guzurin ƙarasawa Makka, wasu tsayuwar ke nan har jikoki. Wato a ranakun da jirage ukun suke wucewa a sama, akwai ayarin mutanenmu a ƙasa, a kan turba ɗaya.

Turbar sama ba ta mutu ba bayan dawowarsa. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara jigilar wasiƙu tsakanin Khartum da Kano. Amma babban amfaninta ya bayyana ne a 1940, lokacin da Italiya ta shiga yaƙi, tekun Bahar Rum ya zama haɗari ga jiragen ruwan Ingila. Sai aka koma kawo jiragen yaƙi cikin akwatuna zuwa Takoradi a ƙasar Gana ta yau, a ɗaure su a can, a tuƙo su ta Legas, Kano, Maiduguri, Fort Lami wadda ita ce Njamena yanzu, Al-Jinaina, Al-Fashir, Khartum, sannan a bi Nilu zuwa Masar. Ayarin farko ya taso a watan Satumban 1940, Blenheim ɗaya a gaba kamar madugu, ƙananan jirage shida ƙirar Hurricane na biye. Kafin ƙarshen 1943 jirage fiye da 5,000 sun bi wannan hanya. Filin Wadi Sayyidna da ke arewa da mu, wanda aka kwashe 'yan ƙasashen waje ta cikinsa a Afrilun 2023, yana cikin zangunan jiragen wancan yaƙi.

Ku ji ikon Allah. A watan Yulin 1941 aka kira Coningham Masar aka danƙa masa rundunar saman da ke yaƙar Jamus da Italiya a hamadar Libiya. Da yawa daga cikin jiragen da suka zo hannunsa, ta hanyar da ya share shekara 16 da suka wuce suka iso. A can ya yi sunan da ake tunawa da shi. Ra'ayinsa shi ne kada a rarraba jirage ga kowane kwamandan ƙasa, a tara su a hannu ɗaya, a fara kore jiragen abokan gaba daga sama, sannan a taimaki na ƙasa. Ya kafa tantinsa kusa da na kwamandan sojan ƙasa don su riƙa shawara kullum. Da wannan tsari aka ci yaƙin Al-Alamain a 1942, Amurkawa ma suka ɗauke shi. Tsakaninsa da Janar Montgomery kuwa ta yi tsami, domin yana ganin janar ɗin ya kwashe yabo shi kaɗai. Duk da haka shi aka ba rundunar saman da ta rufa wa sojojin Ingila da Kanada baya a Normandi a 1944, har aka shiga Jamus. Ya ajiye aiki a 1947.

Ajalinsa ma a sama ya same shi, amma a kujerar fasinja. Ya hau wani jirgi mai suna Star Tiger daga tsibiran Azores zuwa Bamuda. Da asubahin 30 ga Janairun 1948 aka daina jin ɗuriyarsa, da mutum 31 a ciki, kuma har yau ba a tsinci ko ƙusa ba. Yana da shekara 53. A wannan rana aka kashe Gandhi a Indiya, a ranar kuma Orville Wright ya rasu, ɗaya daga cikin 'yan'uwa biyun da suka fara tashi da jirgi mai inji. Mutumin ba shi da kabari, kamar yadda ƙanwar kakana ba ta da wanda muka sani.

Sai dai shi an riƙe labarinsa. Ko irin jirgin da ya kai Kano, DH.9A, guda ɗaya tak ya rage a duniya, kuma ba a bar shi ya ruɓe ba. Yana cikin waɗanda Nizam na Haidarabad, wani basarake Musulmi na Indiya, ya biya kuɗinsu. Jamusawa suka kama shi a 1918, ya zauna a Balin, yaƙi ya kai shi Polan, a 1977 Ingila ta ba da wani jirgin ta karɓo shi, aka gyara shi, yau yana gidan tarihin sojan sama a Landan. Mu kuwa gidan tarihinmu na ƙasa da ke Khartum an wawashe shi a wannan yaƙi, ga shi dama can babu ko gora ɗaya ta alhazan ƙafa a cikinsa da na taɓa gani.

Da na koma aji, abin da na gaya wa yarinyar ke nan: masu tafin nan shekarun da aka kashe ana gyara suke yi wa tafi, aikin da ya lalace sau biyu aka sake ɗauka, yawancinsa ba da albashi ba. Na ce mata mu ma mun san wannan, gayya muke ce masa, maƙwabtanmu Larabawa su ce nafir, kuma ita kanta ta ci abincin takiyyar unguwa da matasa suka yi ta dafawa kyauta a tsakiyar harbe-harbe. Abin da ba mu yi ba shi ne mu kira gayya a kan tarihinmu.

Na ba 'yan ajin aiki. Duk mai tsoho ko tsohuwa a gida ya zauna da su ya rubuto garin da aka taso, garuruwan da aka yada zango, shekara nawa aka yi, wa aka rasa a hanya. Wanda ya ga allo ko tasbaha ko tsohuwar takardar tafiya a ƙasan akwati ya ɗauki hotonta. Zuwa yanzu yara tara sun kawo, biyu kuma sun dawo sun ce wadda za su tambaya ta rasu a gudun hijira bara. Ina roƙon iyaye da malamai masu karanta wannan shafi, daga Mai Wurno zuwa Gadarif da Kasala, ku ma ku sa naku yaran, tun masu ba da labarin suna raye. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.