Adam Smith (1723–1790)

An haifi Adam Smith a garin Kirkcaldy na ƙasar Sukotilan a shekarar 1723, bayan rasuwar mahaifinsa, saboda haka mahaifiyarsa ce ta rene shi. Ya yi karatu a jami'o'in Gilasgo da Okusfod, daga bisani ya koyar da falsafar ɗa'a a Gilasgo.

A 1776 ya wallafa shahararren littafinsa, The Wealth of Nations. A ciki ya nuna cewa rabon aiki shi ne ginshiƙin yalwar arziki: ma'aikata 10 da suka raba aikin ƙera fil na iya samar da 48,000 a yini. Ya kuma soki katsalandan ɗin hukuma cikin ciniki, duk da haka a 1778 aka naɗa shi kwamishinan kwastan. Ya rasu a Edinbara a 1790.

Har yau ana ja-in-ja kan gadonsa. Masu rajin sakar wa kasuwa mara na ɗaukarsa jigonsu. Wasu kuwa na tunatar da cewa shi kansa ya yi kashedi game da haɗin bakin 'yan kasuwa wajen tsawwala farashi, ya kuma nemi hukuma ta tallafa wa ilmin 'ya'yan talakawa.