Sergio Leone: Ɗan Italiyan da ya sauya fasalin fina-finan kaboyi

Dattawa da magidanta da dama a Gwarzo da Kabo da ƙauyukan da ke kewaye da su ba za su gane sunan Sergio Leone ba. Amma da zarar an yi fiton da ke buɗe fim ɗin The Good, the Bad and the Ugly, ko an kwatanta wani dogon Bature mai ƙanƙance ido, da guntun sigari a baki, yana lulluɓe da bargon da ake zura kai ta tsakiyarsa, nan take hira za ta ɓarke. Wasu sun kalle shi a gidajen sinimar Kano lokacin da suka shiga birni cin rani ko karatu, wasu kuma a kaset ɗin bidiyo a gidajen kallo.

Mutumin da ya shirya waɗannan fina-finai ɗan Italiya ne, bai iya Turanci sosai ba, kuma yawancin hamadar da ake gani a cikinsu ta ƙasar Sifaniya ce. Ya rasu tun 1989, amma har yau masoya fim na muhawara kan abin da ya bari, musamman yadda ya sarrafa faffaɗan allon sinima.

Haihuwa a gidan fim

An haifi Leone a birnin Rum ranar 3 ga Janairun 1929. Mahaifinsa, Vincenzo Leone, wanda aka fi sani da Roberto Roberti, darakta ne tun zamanin fina-finai marasa sauti. Mahaifiyarsa kuma jaruma ce da ke fitowa da sunan Bice Waleran. A makarantar firamare ya zauna aji ɗaya da wani yaro mai suna Ennio Morricone, wanda daga baya ya tsara kiɗan manyan fina-finansa.

Yana ɗan shekara 18 ya ajiye karatun lauya ya shiga harkar fim. Ya yi aikin ƙaramin mataimaki a Bicycle Thieves na 1948, har ma ya fito a wani gajeren fage. A shekarun 1950 kamfanonin Amurka sun riƙa zuwa Rum ɗaukar manyan fina-finan tarihi saboda arhar aiki, kuma a nan ya goge, inda ya taimaka a Quo Vadis na 1951 da Ben-Hur na 1959. A 1959 daraktan The Last Days of Pompeii, Mario Bonnard, ya kwanta rashin lafiya, sai Leone ya ƙarasa aikin. Fim na farko da ya fito da sunansa a matsayin darakta shi ne The Colossus of Rhodes a 1961.

Labarin aro da shari'ar da ta biyo baya

A farkon shekarun 1960 kasuwar fina-finan kaboyi ta yi sanyi a gidajen sinimar Amurka, domin talabijin ya cika gidaje da irinsu. A daidai lokacin ne Leone ya kalli Yojimbo, fim ɗin da Akira Kurosawa na Japan ya fitar a 1961, labarin wani baƙon mayaƙi da ya shiga garin da gungun miyagu biyu ke rigima, ya riƙa haɗa su faɗa yana cin riba. Leone ya ɗauke labarin ya kai shi kan iyakar Amurka da Meziko, ya maye gurbin takobi da bindiga.

Kuɗin aikin bai wuce kimanin dala dubu 200 ba, don haka manyan jarumai irin su Henry Fonda suka gagare shi. Ya ƙare da wani ɗan wasan talabijin, Clint Eastwood, wanda aka biya dala dubu 15. Domin masu kallo su ɗauka fim ɗin Amurka ne, Leone ya sa wa kansa sunan Bob Robertson, sunan da ke nuni da na mahaifinsa.

A Fistful of Dollars ya fito a 1964 ya kuma yi kasuwar da ba a zata ba. Sai dai ba a nemi izinin masu Yojimbo ba, kuma kamfanin Toho ya shigar da ƙara. An sasanta da ba su kashi 15 cikin 100 na kuɗin da fim ɗin ya samu a duniya, tare da haƙƙin nuna shi a wasu ƙasashen Asiya. Wannan taƙaddama ta sa Amurkawa ba su kalle shi ba sai 1967. Kafin nan Leone ya riga ya fitar da For a Few Dollars More a 1965, da The Good, the Bad and the Ugly a 1966.

Jarumin da ya kawo ya saɓa wa wanda aka saba gani. Kaboyin Amurka na da mutum ne mai tsafta da gaskiya, mai kare raunana. Na Leone kuwa ga ƙura ga gumi, gemu ba aski, kuɗi yake nema, kuma tazarar da ke tsakaninsa da bos ba ta da yawa.

Talauci ne ya haifar da salon

A 1953 ne kamfanin 20th Century Fox ya fito da tsarin CinemaScope a fim ɗin The Robe, domin jawo mutane daga gaban talabijin zuwa sinima da hoton da faɗinsa ya ninka tsayinsa fiye da sau biyu. Tsarin na buƙatar gilasan kyamara na musamman masu tsada, kuma a farkon zamaninsa yakan ɗan lauya fuska idan an matso da ita kusa.

Leone ya yi amfani da wani tsari mai arha da aka ƙirƙiro a Italiya mai suna Techniscope. A wannan tsari kowane hoto na cin huda biyu na gefen zaren fim a maimakon huɗu, wato ana tsimin rabin zaren. Faɗin hoton na nan a ma'aunin 2.35 zuwa 1, kuma da gilashin kyamara na yau da kullum ake ɗauka. Amfanin hakan shi ne abin da ke kusa da wanda ke nesa duk suna iya fitowa tar a lokaci guda.

Da wannan ne ya gina salonsa. Zai nuna fili fetal, mutum ɗaya a can nesa kamar ƙuda, sai kwatsam ya cika allon baki ɗaya da idanu biyu. Zai ajiye hannu da bindiga a wannan gefe, wanda za a harba kuma a wancan gefe, mai kallo na ta waige tsakaninsu. Ba ya gaggawa. Farkon Once Upon a Time in the West ya haura minti goma kusan babu magana: 'yan bindiga uku na jiran jirgin ƙasa, ruwa na ɗiga kan hular ɗaya, ƙuda na damun wani, injin jan ruwa na ƙara.

Rashin yawan magana ya taimaka wa fina-finan wajen ratsa ƙasashe. Jaruman sun fito daga Amurka da Italiya da Sifaniya da Jamus, kowa na faɗin nasa da harshensa, daga baya a ɗora murya. Labarin na tafiya ne a kan fuska da kiɗan Morricone, don haka wanda bai ji Turanci ba a Fagge ko Sabon Gari ya san wa ke da gaskiya da wanda zai mutu.

Abin da kaset ya yanke

Gidajen sinima sun daɗe a Kano, tun daga Rex da aka buɗe a 1937, zuwa Palace da Plaza da Orion da El Dorado da Marhaba. Wanda ya kalli Leone a can ya ga hoton da faɗinsa. Wanda kuwa ya fara saninsa a kaset ko tsohon talabijin, kamar yadda ya faru ga mutane da yawa a garuruwan da ke kan hanyar Kano zuwa Gwarzo, sau da yawa ragowar hoto ya gani.

Allon tsohon talabijin na da ma'aunin 4 zuwa 3. Domin a cika shi, masu juya fim zuwa kaset kan datse gefe da gefe, abin da ke zubar da fiye da kashi 40 cikin 100 na hoton. Fagen ƙarshe na The Good, the Bad and the Ugly ya nuna girman asarar. Mutum uku, Clint Eastwood da Lee Van Cleef da Eli Wallach, na tsaye a da'ira a tsakiyar maƙabarta, kowa na tunanin wanda zai fara harbi. Daɗin fagen shi ne ganin tazarar da ke tsakaninsu. Idan aka datse gefuna, tazarar ta tafi, wani lokacin har da mutum guda.

Sojojin Sifaniya ne suka gina wannan maƙabarta mai dubban kaburburan bogi a kusa da Burgos. Su ne kuma suka tarwatsa gadar da ke cikin fim ɗin tun kyamarori ba su shirya ba, dole aka sake gina ta aka sake fasawa. A 2015 masoya fim ɗin suka fara aikin sa-kai na tono maƙabartar bayan ciyawa da ƙasa sun binne ta kusan shekara 50.

Almakashin Amurka

Nasara ta buɗe masa ƙofar Amurka. Kamfanin Paramount ya zuba kuɗi a Once Upon a Time in the West na 1968, inda a ƙarshe ya samu Henry Fonda. Amurkawa sun saba ganin Fonda a matsayin mutumin kirki, sai Leone ya ba shi matsayin mugun da ke harbe ƙaramin yaro a fitowarsa ta farko. Kamfanin ya rage kusan minti 20 daga fim ɗin, bai kuma yi kasuwa a Amurka ba, alhali a Faransa an sayar da tikiti kusan miliyan 15.

Bayan Duck, You Sucker! na 1971, sai ya yi shekara 13 bai fitar da fim da sunansa na darakta ba. An yi masa tayin shirya The Godfather ya ƙi, domin zuciyarsa na kan wani labarin na 'yan daba Yahudawa a birnin New York. Wannan shi ne Once Upon a Time in America, tare da Robert De Niro da James Woods, wanda aka nuna a bikin fina-finai na Cannes a 1984 da tsawon minti 229.

Masu rarraba shi a Amurka suka mayar da shi minti 139 ba da yardarsa ba, suka kuma warware tsarin labarin da ke kai-komo tsakanin yarinta da tsufa, suka jera shi a miƙe. Fim ɗin ya faɗi warwas a kasuwar Amurka, masu sharhi suka yi masa ca. Daga baya, da cikakken ya yaɗu, ya shiga sahun fina-finan da ake ji da su. Leone bai sake yin wani ba.

Ya rasu a Rum ranar 30 ga Afrilun 1989 sakamakon bugun zuciya, yana da shekara 60, a lokacin da yake shirin fim kan ƙawanyar da sojojin Jamus suka yi wa birnin Leningrad a Yaƙin Duniya na Biyu. Ya bar matarsa Carla da 'ya'ya uku.

Sawunsa daga Indiya zuwa yau

Masu kallon Kano sun sake haɗuwa da Leone ta wata ƙofar ba tare da sun sani ba. Fim ɗin Indiya na Sholay na 1975, wanda Ramesh Sippy ya shirya, ya ɗebo abubuwa da yawa daga gare shi. Fagen da Gabbar Singh ya hallaka iyalan Thakur ya yi kama ƙwarai da kisan iyalin manomi a Once Upon a Time in the West. A Nijar ma zazzaɓin kaboyi ya kai ga Moustapha Alassane ya shirya Le Retour d'un aventurier a 1966, labarin matashin da ya dawo gida da akwatin kayan kaboyi ya raba wa abokansa, suka hana ƙauye sakat.

A wannan zamani Quentin Tarantino ne ya fi fito da tasirin Leone fili. A 2015 ya ɗauki fim ɗinsa na kaboyi, The Hateful Eight, da tsarin Ultra Panavision 70 mai ma'aunin 2.76 zuwa 1, wanda rabon da a yi fim da shi tun Khartoum na 1966. Morricone ne ya tsara kiɗan, ya kuma samu kyautar Oscar a kansa a 2016 yana da shekara 87.

Fim ɗin ya raba kan masoya. Wasu na ganin ɓarna ce a ɗauko allo mafi faɗi sannan a kulle jarumai a ɗaki guda kusan duk tsawon labarin. Wasu kuma na ganin darasin Leone ke nan: faɗin allo na da amfani a cikin ɗaki kamar yadda yake da shi a hamada, domin yana ba mai kallo damar sa ido kan wanda ke magana da wanda ke laɓe a bayansa.

A yau yawancin matasan Gwarzo da Kabo a waya suke kallon fim, kuma guntayen fagagen Leone na yawo a TikTok da Facebook an datse su a tsaye, datsewar da ta fi ta zamanin kaset muni. An gyara manyan fina-finansa an dawo da su da cikakken faɗinsu. Baƙaƙen layukan da ke bayyana a sama da ƙasan allo alama ce ta cewa ba a yanke komai ba, kuma mai son ganin abin da Leone ya ɗauka sai ya kwantar da wayarsa ya bar su yadda suke.